Mai Sunan Surukina

Ranar da aka gaya mana a ekol normal, makarantar koyon malanta da ke Damagaram, cewa Gure aka tura ni sitaj, har rawa na taka. Sitaj shi ne 'yan makonnin da mai koyon malanta yake tsayawa gaban aji na gaske ana kallonsa, a ƙarshe a ce ya iya ko bai iya ba. Gure kuwa garin mijina ne, can ɗakina yake, ga ni kuma da goyo. 'Yan ajinmu da aka jefa ƙauyukan Kelle da rugagen Alakos sai barka suke yi mini, wai faɗuwa ta zo daidai da zama. Da na san abin da ke jirana, da na roƙi ɗayansu mun yi musanya, na tafi rugar da ko rijiya babu.

Lakwal ɗin da aka ba ni, wato makarantar firamare, tana bakin gari, inda tudun rairayi ya fara. Ɗakunan siminti biyu ne, na manyan yara, sauran duk rumfunan zana. Nawa na zana ne, 'yan shekara takwas da tara zube a kan tabarmi, kowa da ɗan allonsa a cinya. Ban taɓa ƙirga su na samu lissafi ɗaya sau biyu ba. Wasu da Barbarci suka tashi, wasu da Hausa, ni kuma an ce in koya musu komai da Faransanci. Duk wannan an gaya mana tun a Damagaram, na kuma shirya masa. Na shirya wa zafi, na shirya wa surutu, na shirya wa akuyar maƙwabta da ke zuwa cin zana ana tsakar darasi. Abin da babu malamin da ya koya mana maganinsa shi ne yaron da na tarar a layi na biyu yana yi mini murmushi da giɓinsa.

Ɗan wan mijina ne. An haife shi a shekarar da mahaifin mijina ya rasu, aka mayar masa da sunan tsohon. Ni ban tarar da surukin nan nawa ba, ko muryarsa ban sani ba. Amma a wurinmu mace ba ta kama sunan uban mijinta, yana raye ko ya mutu, ko da kuwa a kan jariri sunan yake. A gida baba ƙarami nake ce wa yaron, kamar sauran matan gidan. Kakarsa, uwar mijina, wadda muke kira Inna, maigida take ce masa, ta ɓoye masa ƙanzo, ta hana kowa ɗaga masa murya. Ta tsufa a ɗakin mijinta ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ko mahauci mai wannan suna ta tarar a kasuwa, sai dai ta ce masa mai sunan masu gida.

Ita kuma Innar nan, duk abin da na zama ta hannunta ya biyo. Da aka yi aurena yayyen mijina suka ce karatu ya ƙare, ita ce ta tsaya musu. Ta ce, “Yarinyar nan da kunyarta ta zo, lakwal ba ta cinye mata ita ba. Ku bar ta ta ƙarasa.” Suka yarda, amma da sharaɗi: ba maimaici. In na faɗi ko sau ɗaya ne, in naɗe takarduna in zauna a ɗaki. Da na haihu ta bar sana'arta ta bi ni Damagaram, ta yi watanni a kan tabarma a ɗakin haya tana riƙe mini yaro. Sana'ar tata kuwa dafaffen rogo ne da yaji, take sayar wa 'yan lakwal. Da muka dawo Gure sai ta koma wurinta na da, inuwar bishiyar bedin da ke jingine da ajina, tiren rogo a gabanta, ɗana a bayanta, don in an fita rekire, wato hutun hantsi, in ba shi nono. Tsakanina da ita zana ɗaya ce. In na yi tari a aji sai in ji ta ce sannu.

Mai ajin wani mushe ne, kamar yadda muke ce wa malamin lakwal namiji, da ya kusa ajiye aiki, kullum da goro a kumatu. Kwanakin farko ina zaune ina kallon yadda yake yi, ina haddace sunayen yara. Ranar da ya miƙa mini alli ya koma baya ya zauna, na fara lafiya. Na rubuta lissafi a allo, na kira wata yarinya ta yi, na kira wani yaro ya yi. Sai na ga hannu a layi na biyu, bakina kuma ya riga ni.

“Baba ƙarami, zo allo.”

Ajin ya fashe da dariya, har da masu birgima a tabarma. Mushe ya jira suka lafa, ya tofar da goro, ya ce, “Madam, nan ba gida ba ne. A aji babu baba, babu kawu, kowa da sunan da aka rubuta shi da shi. Konseye in ya zo, abin da yake fara dubawa ke nan. Cewa yake malamin da ba ya kiran ɗalibi da sunansa bai san ajinsa ba.”

Konseye shi ne jami'in da zai zo ya zauna ya kalli darasina guda ɗaya tak, ya yanke ko na ci sitaj ko na faɗi. Mushe bai ja ni gefe ya gaya mini haka ba. A gaban yaran ya faɗa, da Hausa kuma, don kada wani ya ce bai ji ba. Na kalli baba ƙarami na ga idonsa ya yi wani ƙyalli. Nan take na san ya ga gadon barcina.

Washegari na zo da dabara. Na nuna shi da yatsa na ce, “Kai.” Sai ya waiwaya ya kalli na bayansa. Na bayan ya waiwaya ya kalli na bayansa, haka har na ƙarshen layi, wanda ya juya ya tsura wa zana ido. Sannan ya juyo, fuska fes kamar ta liman.

“Madam, da wa kike?”

“Da kai nake.”

“Ai mushe ya ce kowa da sunanshi.”

Daga ranar abin ya zama wasan ajin. Na ce mai shuɗiyar riga, ya zo da ja. Na sa wata yarinya ta riƙa kira mini shi, ya ce ita ba madam ba ce. Na rubuta sunan a allo, tunda ba a hana hannu ba, na buga da sanda, ya karkata kai ya duba ya ce bai kai nan a karatu ba tukuna, yaron da ya fi kowa karatu a ajin. Na yi kamar babu shi, sai ya hau yin kukan zakara ƙasa-ƙasa, in na juyo kowa ya yi tsit. Da sauran suka ga akwai wanda madam ba ta iyawa da shi, su ma suka fara gwada sa'arsu. Ajin da mushe yake riƙewa da ɗaga gira ɗaya ya zama kasuwar awaki a hannuna. Duka an hana mu shi, ko da ba a hana ba, da wane hannu zan taɓa mai sunan surukina, kakarsa tana bayan zana?

Wallahi takaici ya ishe ni a makonnin nan. In kwana ina shirya darasi, in tara ƙwallayen dabino cike da gwangwani don koya musu ninkawa, in zo in tsaya, ɗan da nake yi wa wanka da hannuna ranar salla ya mayar da ni abin dariya. Mutumin da ban taɓa gani ba, yana kwance a makwancinsa, Allah ya ji ƙansa, shi ne ya tare mini hanya.

Na bi ta gida. Na kira yaron ɗakina na ba shi dabino na lallashe shi, ya cinye, ya ce to, da safe ya ɗora daga inda ya tsaya. Na kai ƙara wurin uwarsa, ta ce ita ma ba ta iya masa, ai ba ɗanta ba ne, surukinta ne. Na kira mijina a waya, yana kan hanya da motar da yake tuƙawa, ya yi ta dariya har layin ya yanke. Na roƙi mushe ya mayar da shi wani aji, ya ce ajin shekarunsu ɗaya ne a lakwal ɗin.

“Ki faɗa mana, Madam,” ya ce. “Suna ne fa, ba garwashi ba.”

Na ce, “Mushe, kai kana faɗin sunan uban matarka?”

Ya tauna goro ya tauna, ya ce, “Ni Allah bai haɗa ni da mai sunanshi a aji ba.”

Saura Inna. Wata rana da yamma muna ɓare rogon gobe na ce mata baba ƙarami fa yana hana ni aiki. Ta yi dariya har da share ƙwalla.

“Ai maigida ke nan ya dawo. Shi ma haka yake, in bai ga dama ba ko wa ya kira shi sai ya yi kunnen uwar shegu. Ina jin ku ai. Ina jin yadda yake ja miki rai, ina jin yadda kike kaucewa. Jiya ma na gaya wa matan da suka zo gaisuwa, na ce su zo bayan zana su ji wadda suka ce lakwal za ta ɓata.”

Na buɗe baki in gaya mata maganar konseye, sai na ga yadda fuskarta take, na mayar na rufe. Ashe abin da ke kashe ni a aji shi take yawo da shi gida-gida tana alfahari. Na ci gaba da ɓare rogo, har na yanke yatsa.

Da diraktan lakwal ya sanar da ni konseye zai zo gobe, sai na yi abin da ya rage mini. Na je na durƙusa wa wan mijina, uban yaron, na roƙe shi ya tafi da shi lambu tun asuba. Lambun nasu yana cikin kwari, can bayan tuddai, inda suke da dabino da rogo, tafiya ce mai ɗan nisa ga yaro. Ya ce ai dama yana neman mai taya shi ban ruwa. Inna kuwa ba yadda zan yi in ce kada ta zo, don ɗana bai san wani abinci ba sai nono.

Da safe na shiga aji na ga gurbin layi na biyu wayam, na yi hamdala. Konseye ya iso a kan moto, wato babur, wani dogo mai tabarau, ya gaisa da mushe, aka ba shi kujera a baya, ya ɗora takarda a gwiwa. Na raba ƙwallayen dabino, na fara. Yaran ma da suka ga baƙo sai suka shiga taitayinsu. Ina tambaya suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsu, “Muwa Madam, muwa Madam,” wato ni Madam, ina kiran kowa da sunansa, sunan yanka da na uba, don konseye ya ji na san ajina. Na hango shi yana gyaɗa kai. A raina na ce yau dai na tsallake.

Ana haka sai ga baba ƙarami a bakin ƙofa, yana haki, ƙafafu duk taɓo. Daga baya na ji ashe wani ne ya gaya masa a hanya za a yi baƙo a ajinsu, ya jira ubansa ya sunkuya kan rijiya, ya sulale ya sheƙo da gudu. Ya gaida konseye da Faransanci tsaf, ya je ya zauna a gurbinsa, ya naɗe ƙafa. Tambayar da na yi ta gaba, hannunsa ne ya fara tashi.

Na tsallake shi na kira wata. Na sake tambaya, ya ɗaga har yana tashi a kan gwiwa, na kira wani. Sai na kawo babbar tambayar da na tanada don rufe darasi, ta layukan dabino a lambu, layi kaza, kowane layi da bishiya kaza, duka nawa ke nan. Ajin ya yi shiru. Masu ƙirga ƙwallaye suna ta ƙirgawa suna rikicewa. Hannu ɗaya ne a sama a duk ajin, yana kaɗa yatsu kamar zai karya su. Na tsaya ina cewa ku yi tunani, ku yi tunani, ina addu'a Allah ya ɗaga mini ko da hannun wanda bai sani ba ne.

Konseye ya gyara tabarau ya yi magana da Faransanci, a hankali. “Madam, yaron can tun da ya shigo hannunsa yake sama. Kin kira kowa, shi kina tsallake shi. Ki kira shi.”

Na nuna shi da alli na ce, “Kai.”

Ya waiwaya. Na bayansa ma ya waiwaya, don jiki ya riga ya saba, haka layin ya bi har zana. Wasu suka fara ƙunshe dariya. Konseye ya cire murfin bik, abin rubutunsa.

“Ba ki san sunansa ba ne?”

Na kalli mushe, mutumin da kalma biyu daga bakinsa ta isa ta fitar da ni. Mushe yana nazarin rufin rumfa kamar yau ya fara ganinsa. A bayana kuma, ta ƙofofin zana, ina hango launin zanen Inna, ina jin tana yi wa ɗana 'yar waƙar da take lallashinsa da ita. Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, bik ɗin nan zai sauka a takarda, in koma ɗaki, yayyen mijina su ce dama sun faɗa, watannin da tsohuwar nan ta yi a kan tabarmar haya su tafi a banza. In na faɗa, a kunnenta zan faɗa. Ga yaro yana kallona da giɓinsa, yana jira ya ga ta inda zan zille yau.

Sai na faɗa. Na so in faɗa a hankali, iyakar kunnen konseye, amma haushin makonni ne a maƙogwarona, ya fito da ƙarfi kamar ina kiran wani daga wancan gefen kwari. Waƙar bayan zana ta tsaya cak.

Yaron ma bai zata ba. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa, ya tashi sumui-sumui ya zo allo, ya karɓi alli a hannuna bai kalle ni ba, ya rubuta amsa daidai, ya koma ya zauna ya sunkuyar da kai. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Na dai ji bakina yana magana, yara suna amsawa, har aka buga ƙarfen rekire suka watse waje.

Konseye ya kira ni baya. Ya ce rubutuna a allo yana gangarawa, in gyara. Ya ce ƙwallayen dabino dabara ce mai kyau. Ya ce kada in riƙa ƙyale yaro mai ƙoƙari don ya makara, hukuncin makara daban, darasi daban. Shi a tunaninsa abin da ya faru ke nan. Sannan ya ce na ci, ya sa hannu, ya hau motonsa. Mushe ya matso yana murmushi ya ce, “Kin gani? Me ya ci ki?” Na wuce shi na fita.

Na zagaya bayan zana. Yara sun yi wa tiren rogo rumfa, Inna tana yanka musu tana barbaɗa yaji. Na tsaya gefe har suka ragu. Ta kwance ɗana daga bayanta, ta miƙo mini shi da hannu biyu, idonta a kan tire.

“Sannu da aiki, Madam,” ta ce.

Tun ranar da aka kawo ni gidansu ɗiyata take ce mini, a ɗaki da gaban baƙi, har 'ya'yan cikinta suna yi mata tsiya wai ta sake su ta kama bare. Ban taɓa jin Madam a bakinta ba sai ranar. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Da yayyen mijina suka ji labari daga bakin yara suka so tayar da magana, ita ce ma ta ce su bari, aiki ne. Ta ci gaba da goyon ɗana har na gama ekol normal, ta ci gaba da ajiye mini tuwo in na yi yamma. Baba ƙarami kuwa daga ranar bai ƙara waiwaya baya ba, ko da ido na kira shi sai ya tashi. Abin da zai yi tun farko da ya so, ja'iri.

Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, kuma ban san wa zan kama ba. Yaro yaro ne. Konseye aikinsa ya yi. Mushe da goronsa, shi kam ban yafe masa duka ba. Na sha zama in shirya maganar da zan yi wa Inna, in gaya mata don kada wahalarta ta tashi a banza na faɗa, in tambaye ta ita da me za ta yi a wurina. In na shiga ɗakinta sai maganar ta ƙi fitowa, don in zan yi bayanin sai na sake tayar da abin da ta rufe. Na ce bari in jira ta huce. Ɗan da take goye da shi ranar yanzu shi ma yana lakwal, ni kuma ina da ajina na siminti. Jiya da safe na shiga gaishe ta kafin in fita, na durƙusa a bakin gadonta, ta ajiye carbi ta ce, “Madam, an tashi lafiya?”